Fulawar Abujar da Ba a Gina Ba

Litinin, 7 ga Yuni, 1976, da hantsi

Ni Sama'ila, tsohon malamin makaranta, Manajan Gidan Burodin Alheri da ke unguwar Hashimi a nan garin Abuja, na ga ya wajaba in soma rubuta al'amuran mulkina, domin na lura cewa manyan mutanen da na karanta tarihinsu ba su fi sauran jama'a aiki ba, rubutu kawai suka fi su.

Mai gidan burodin, Madam Nneka, ta tafi garinsu can Gabas jiya domin kula da 'yarta da ta haihu. Ta bar mini amanar daular baki ɗaya: tanderu guda, ma'aikatan kwaɓi, da sito mai ɗan yoyo a kusurwar yamma. Masu kawo mana kaya uku ne. Akwai Emeka mai kanti, wanda ke saro fulawa da sukari daga Kaduna. Akwai Rebeka, shugabar matan Gwari masu kawo itace. Sai Tanko direba, mai ɗauko kayan Emeka, ya kuma kai burodinmu tasha. Ƙa'idata, wadda na samo daga darussan kasuwanci da ake aiko mini daga Ingila ta gidan waya, ita ce kada ɗayansu ya san abin da na faɗa wa ɗan'uwansa. Kamfani ba dandali ba ne.

Asabar, 12 ga Yuni, bayan azahar

Abubuwa biyu. Ruwan jiya ya rusa tanderun Sebastine na bayan tasha, wanda shi kaɗai ne abokin hamayyarmu a garin nan. Na je na jajanta masa da fuskar da ta dace.

Na biyu, an yi sunan ɗan Tanko da safe. Da aka raɗa suna aka raba goro sai aka ɗan yi shiru, ni kuwa a ganina shiru a gaban mai ilimi gayyata ce. Na miƙe na yi jawabi. Na taɓo tarihi, na taɓo ci gaban zamani, na taɓo burodi. An yi guɗa daga cikin gida. Emeka yana wurin, matan Rebeka ma sun zo barka. Ban tuna na faɗi wani abu na musamman ba.

Talata, 15 ga Yuni, da yamma

Tun ranar Asabar jama'a ke gaishe ni da wani irin ladabi, har mai nama ya yi mini gyara ban roƙa ba. Gaskiya dai ta soma bayyana.

Emeka ya shigo ofis, ya tura ƙofa, ya sassauta murya.

"Oga Manaja, ni ba na surutu. Bakina a ɗinke yake."

Na ce haka ya kamata ɗan kasuwa ya zama. Ya tambaya ko a ƙara fulawa. Na ce a ɗan ƙara, tunda na bayan tasha sun tsaya. Sai ya kashe mini ido ɗaya ya ce, "Ɗan ƙari. Na gane, Oga." Ban ji daɗin idon nan ba.

Laraba, da hantsi

Rebeka ma ta tambaya ko a ƙara itace. Na ce a ɗan ƙara. Ta yi dariya har ta dafa bango. Mutanen nan suna da fara'a.

Litinin, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da sassafe na ji hayaniya na leƙa. Mata ne a jere tun daga ƙofarmu har inda ido ya ƙure ta hanyar Madalla, kowace da ɗaurin itace a kafaɗa. Kafin azahar tarin ya wuce rufin sito, yaran unguwa har sun sa masa suna Ƙanin Dutsen Zuma. Mai unguwa ya aiko a tambaya ko za mu bar wa jakuna hanya.

Na kira Rebeka gefe cikin natsuwar da ta dace da muƙamina.

"Rebeka, wannan na wane ne?"

"Naka mana, Malam. Na Abuja."

"Abuja ba ta taɓa ƙona rabin wannan ba ko da babbar Salla."

"Ba wannan Abujar ba. Waccan." Ta nuna kudu da leɓe, wajen dajin da gwamnati ta ce za ta gina sabon babban birnin ƙasa, wanda ta ɗauki sunan garinmu ta laƙa masa tun watan Fabrairu ba ko sallama. "Kai da bakinka ka ce daga yau Abuja kaf burodinku za ta ci. Wa bai ji ba? Ni ƙauyuka na bi na tara mata, noma ma mun ajiye. Ban gaya wa kowa ba, kada matan Diko su riga mu."

Ba zan ja magana ba. Zan dai ce duk mai hankali ya san wace Abuja ake nufi a gidan suna a unguwar Hashimi, kwana ɗaya bayan rushewar tanderun Sebastine. Waccan Abujar ko rumfar mai shayi babu a cikinta. Birai ne da ƙudan tsando, kuma ban taɓa jin suna cin burodi ba.

Talata, da hantsi

Na aika a kira Emeka. An ce ya tafi Kaduna tun ranar Alhamis, shi da Tanko.

Laraba, da la'asar

Ba su dawo ba. Hadari a gabas.

Alhamis, 24 ga Yuni, da yamma

Sun dawo.

Ba a ƙaramar motar Tanko ba. Gingimari ce ta shigo unguwa tana karya rassan darbejiya, a bayanta kuma wata gingimarin. Na tsaya ina jiran ta uku, don a lokacin na daina mamakin komai, amma Allah ya taƙaita.

Emeka ya diro da sabuwar hula, fuska kamar ango.

"Oga Manaja, ka ga ɗan ƙarin?"

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na tsinto shi ina riƙe da ƙofa. Emeka ya ninka abin da muka saba, ya sa kantinsa jingina, bai gaya wa Tanko dalili ba. Dilan Kaduna, wato babban ɗan kasuwar da ke sayar masa da fulawa, da ya ji kalmar Abuja sai ya ce ai wannan bai isa babban birni ba, ya ƙara nasa a kai bisa amana, da sunan Madam. Tanko kuwa tun daga gida ya riga ya shirya da gingimarin wansa a asirce, da ya ga ba ta ɗauke ba ya nemo wata. Kowannensu ya ji magana guda, ya ɓoye ta, ya yi mata ƙari, ya zauna yana jin shi kaɗai ne mai wayo.

Na yi musu bayani a kan wace Abuja. Na yi shi a taƙaice, karo na farko a rayuwata.

Emeka ya cire hular, ya zauna a ƙasa cikin taɓo, ya yi doguwar magana da harshensu. Na fahimce ta sarai ba tare da tafinta ba.

Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙofar gidana fa ka faɗa. Surukaina har sun soma kiran yaron Mai-Abuja."

Bara na karanta a jarida yadda jiragen siminti suka cushe tashar Legas, na yi dariya, na tara ma'aikata na yi musu lacca a kan wautar manya. Yau tashar Legas ta zo ƙofata da ƙafarta.

Juma'a, bayan masallaci

Dila ba ya karɓar fulawar da ta yi tafiya cikin damina. Sito ya cika har rufi, saura na tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Fulawa a wannan danshin makonni kaɗan take yi kafin ta dunƙule ta yi fumfuna. In ta lalace, kantin Emeka ya tafi, sunan Madam ya ɓaci a Kaduna, ba mai sake ba mu ko buhu ɗaya, tanderu ya mutu. Matar nan ta dawo bayan yaƙin basasa ta tarar da kango, ta gina wurin nan da hannunta, tana kwaɓi da kanta tana talla da kanta.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, da safe

Ruwa.

Lahadi, da la'asar

Ruwa. Na duba darussana daga farko har ƙarshe. Babu babin damina. Da alama marubucin bai taɓa ganin watan Yuni a Abuja ba, kowace daga cikinsu.

Na tuna Annabi Yusufu da tanadin hatsin Masar, na ɗan sami natsuwa. Sai kuma na tuna shi an ba shi shekaru da rumbuna, ni an ba ni tamfol mai huji.

Talata, 29 ga Yuni, da yamma

Na ɗauki mataki irin na shugabanni. Na ba da umarni a ninka gashi, ban shawarci kowa ba. An gasa. Garin nan bai ninka cikinsa ba. Burodi na nan jibge a kan tebura yana bushewa, ƙudaje sun yi mana mubaya'a. Wato na mayar da fulawa mai sauran makonni ta zama burodi mai sauran kwana biyu. Ban san ilimi na iya sauri haka ba.

Alhamis, 1 ga Yuli, bayan azahar

Abin da na gani yau ya fi gingimari girgiza ni.

Ruwa ya tsuge, na fito duba tamfol, sai na tarar da Emeka da Rebeka da Tanko sun fake a rumfar tanderu. Su ukun. Wuri ɗaya. Suna magana da juna, a cikin kamfanina, ba tare da izni ba.

Da fari faɗa ne.

"Ashe kai ma ka ji, ka yi gum?" in ji Rebeka.

"Ke fa, Mama? Kin sare daji guda ba ki ce uffan ba."

"Ni in gaya maka? Kai da ko gaisuwa sai ka auna ta a sikeli?"

Tanko ya ce, "Ni da na ɗauko ka zuwa Kaduna, Emeka, da ka buɗe baki a Diko da mun juyo."

"Kai rufe mana baki, Baban Mai-Abuja," in ji Rebeka. Emeka ya yi dariya, karo na farko tun ranar hula.

Daga nan sai maganar ta juya. Tanko ya ce masu shayin mararrabar Diko burodin Kaduna suke saya, yana iso musu ya kwana biyu, direbobi na ta ƙorafi. Rebeka ta ce matanta kullum kafaɗa wayam suke komawa gida, ga kasuwannin ƙauye, ga Madalla, duk ba mai kai musu burodi. Emeka ya ce matan gari masu murza taliya da masu fanke da cincin a mudu suke sayen fulawa, da tsada, shi bai taɓa kula su ba. Sai Rebeka ta faɗi abin da ya sa na dafa bango ni ma.

"Sebastine fa? Yana da ma'aikata, yana da masu saye har Tafa, tanderu ne ba shi da shi. Naku kuwa daga azahar barci yake."

Abokin hamayya. A bakin tanderunmu. Na yi gyaran murya domin in bayyana musu matsayin ilimi a kan wannan ɓarna, sai dukansu suka juyo suka dube ni, wani irin kallo, har na ji kalmomin sun koma inda suka fito. Na amince da shirin, wanda a haƙiƙa ya yi kusa da abin da nake dab da faɗa.

Asabar, 3 ga Yuli, da yamma

Ranar farko ta ɓaci. Tanko ya loda burodi da zafinsa ya rufe da tamfol, ya isa Diko ya yi gumi ya lotse. Matan Rebeka sun zo ɗauka kafin a fitar da gashin farko, suka gaji da jira suka tafi. Emeka ya auna wa masu taliya daga buhunan sama, alhali na ƙasa ne ke shan danshi.

Sun yanke cewa kullum da safe za a haɗu a rumfa, kowa ya faɗi abin da ya sayar jiya, da abin da yake bukata yau, da lokacin da zai zo. Sun ce ni kuma in faɗi abin da ya rage a sito.

In faɗa. Da baki. A gaban Sebastine.

Litinin, da hantsi

Na faɗa. Rufi bai faɗo ba.

Laraba, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Tanderu bai huce ba tun Lahadi. Ma'aikatanmu da safe, na Sebastine da rana, kuma, abin takaici, burodinsa ya fi namu tashi. Ya nuna wa masu kwaɓinmu yadda yake jiƙa yis. Haka kawai, kyauta. Na rasa a wane darasi zan sa wannan.

Masu shayin Diko sun aiko a rage girman burodi, direba ba ya son yanka, ya fi son wanda zai tura aljihu. Saƙon ya zo da safe ta bakin Tanko, kafin azahar Sebastine ya kawo ƙananan gwangwanayen gashi. A zamanin mulkina na sirri, irin wannan labari sai ya shekara bai iso ofis ba. Na rubuta wannan ne a matsayin masanin tarihi, ba don ya shafi kowa ba.

Ƙanin Dutsen Zuma ya soma ramewa.

Juma'a, da yamma

Tsakar gida ta fito. Na ga ƙasa. Ban taɓa sanin ina ƙaunar ƙasar tsakar gidan nan ba.

Litinin, 12 ga Yuli, da hantsi

An janye buhunan kusurwar yamma. Layin ƙasa ya dunƙule kamar dutse, gefensa ya yi kore. Wari kamar tsohuwar rijiya. Emeka ya danna da yatsa, yatsan ya lanƙwashe, buhun bai motsa ba. Ya juya ya fita.

Rebeka ta bi shi ƙofa. "Ɗana, dawo. Na sama da ransu. Mu yi ta kan masu rai."

Ya dawo.

Talata

Ruwa.

Laraba, da la'asar

Wani direban Gabas ya kawo saƙo. Madam na tafe ranar Asabar.

Na guga rigata. Ban san dalili ba. Wanda za a kora ba ya bukatar guga.

Asabar, 17 ga Yuli, da yamma

Ta iso da hantsi, da lema a hannu da ƙullin busasshen kifi. Ta tsaya a ƙofa. Ta dubi ragowar itacen, ta dubi matan Gwari suna jera burodi a ƙwarya, ta dubi motar Tanko, sannan idonta ya sauka a kan Sebastine tsaye a bakin tanderunta, riƙe da dogon cebur ɗin fitar da burodi.

"Wa ya ce wannan mutumin ya taɓa mini tanderu?"

Sebastine ya ajiye cebur a hankali. Na buɗe baki, na shirya gabatarwa mai sassa uku.

"Ruwa ne ya ce, Madam," in ji Rebeka. "Zauna ki sha ruwa, mu ba ki labari."

Suka ba ta. Sun ambaci wani jawabi da aka yi a wani gidan suna, ba sau ɗaya ba, har Tanko ya kwaikwayi murya, wadda ba ta yi kama da ta kowa ba. Madam ba ta yi dariya ba. Ta shiga sito, ta zagaya, ta caki buhunan da suka daskare da tsinin lema ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a ciki.

Da ta fito ta ce, "Emeka, kantinka fa?"

"Yana nan, Madam. Da ƙyar. Babur ɗina ne ya tafi."

"Dila fa?"

"Ya ce in na zo in zo da burodin nan na aljihu."

Ta zauna a kan benci. Ta ce asarar layin ƙasa tata ce, tunda rufinta ne ya yi yoyo, kada a ɗora wa Emeka. Ta ce Sebastine ya ci gaba da gashin rana har ya gina nasa. Ta ce zaman safe ya zauna ke nan, kuma daga yau Emeka zai riƙa shiga sito da ƙafarsa ya ga abin da ya ragu ya kawo daidai shi, Rebeka ta dubi itace da idonta, ba sai an bi ta bakin kowa ba.

Sannan ta juyo gare ni. Na gyara tsayuwa, don in an kore ni a kore ni a miƙe.

"Malam, kana nan a kan aikinka. Amma buhunan nan da suka mutu, kai za ka binne su. Gobe. Bayan gida, da zurfi, kada awakin mutane su ci."

Lahadi, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Mun binne su, ni da Tanko. Shi ya haƙa, ni na turo su a baro, rigar da na guga ta zama abin da ta zama. Suna da nauyi fiye da yadda suka zo. Ta bayan katanga ina jin ƙamshin gashin rana, da muryar Madam tana faɗa da Sebastine a kan sukari.

Da muka tura na ƙarshe cikin rami, na ga bai dace a rufe irin wannan babi na tarihi ba tare da 'yan kalmomi ba. Na cire hula, na dubi ramin, na ɗaga hannu, na ce, "Ya ku waɗanda kuka baro Kaduna da dogon buri..."

Tanko ya dogara da shebur ya dube ni.

"Ranka ya daɗe, don Allah a rufe su haka nan. Kada wani ya ji ta katanga, jibi mu ga gingimarin likkafani a ƙofa."

Na mayar da hulata. Na karɓi shebur, na yi ta zuba ƙasa har ramin ya cika, ban ce komai ba. Ban taɓa sanin mutum na iya yin haka ya kuma rayu ba.